Na'a-na'ar da Ta Fi Ƙarfin Gwangwaninta

Litinin, 17 ga Maris, ƙarfe 5:30 na yamma

A sanar da magajin gari, da Fadan cocinmu, da duk wanda abin ya shafa: na'a-na'ar gidanmu ta fi ƙarfin gwangwaninta. Ni, Arcesio Giraldo, malamin adabi a sakandaren Salamina shekara ashirin da bakwai, na gani da idona. Saiwa ta leƙo ta ramukan gindi, gefen gwangwanin kuma ya kumbura kamar tumbin shi magajin garin.

Gaskiya ba ni na gano ba. Matata Nubia ce ta nuna mini da safe, da jaka a hannunta, saura minti ashirin motar birnin Manizales ta tashi. Mace za ta kwanta asibiti, amma abin da ya tsaya mata a rai ganye ne.

"Tsoho, saurara, sau ɗaya zan faɗa. Ka zare ta daga gwangwanin. Ka aske ganyen duka. Ka datse gindin saiwar, ka raba sauran gida huɗu, tsakiyar da ta mutu ka zubar. Wata yana raguwa yanzu, kwana goma sha biyu gare ka."

"Da wuƙa?"

"A'a, da alƙalami."

Na ce mata wata dutse ne da ke yawonsa a sama, bai ma san akwai na'a-na'a a duniya ba. Ta ce shi ma watan haka yake faɗa a kaina.

Na raka ta. 'Yarmu Yolima ta tarye mu a tasha, ita za ta riƙa kwana da ita. Na dawo a motar ƙarfe biyu saboda gobe ina da aji. An ce kwana goma, in ya yi yawa sha biyu.

Talata, 18 ga Maris, ƙarfe 4:00 na yamma

Na sauko da littafin aikin lambu da na saya tun ina saurayi, ban taɓa buɗe shi ba sai yau. Abin takaici, kalma da kalma abin da Nubia ta ce shi ya ce, ban da maganar wata. Shuka idan ta daɗe a wuri ɗaya saiwarta takan yi ta zagaye har ta shaƙe kanta. Ko an mai da ita babban wuri, in ba a yanka ba, zagayen za ta ci gaba da yi, don ba ta san an buɗe mata ba. Na san malamai biyu a makarantarmu masu irin wannan ciwo.

Na'a-na'ar daga gonar mahaifiyar Nubia ta zo. Reshe ɗaya ne a jiƙaƙƙen hankici, ranar aurenmu, shekara ashirin da tara ke nan. Kowace yamma bayan abinci Nubia kan tsinki ganye bakwai ta dafa mana da mazarƙwaila. Ban taɓa tambayar me ya sa bakwai ba.

Na ɗauko wuƙar nama, na dube ta, na dubi gwangwanin, na mai da wuƙar. Kwana goma ba shekara ba ce. Za ta dawo ta yi da kanta.

Alhamis, 20 ga Maris, ƙarfe 6:45 na safe

Maƙwabciyarmu Doña Tránsito ta leƙo ta katanga ina ban-ruwa. Shekarunta saba'in da takwas, ta binne miji, ta binne haƙora da dama, harshen ne kawai ya ƙi tsufa.

"Profe," wato Malam, haka take kirana, "wanka kake mata ko baftisma?"

"Ban-ruwa nake, Doña Tránsito. Akwai shi a littafi."

"Dubi ƙasan. Duk ruwan ya zurare ta gefe ya tafi wajen kajina. Babu ƙasa a cikin nan, saiwa ce zalla. Ka yanka?"

"Ina nazarin lamarin."

"Ave Mariya. Mutum ya karanta littafi dubu, gwangwani ɗaya ya ka da shi."

Ta miƙo mini arepa uku, wainar masara, a faranti, da zafinsu. Ba ta tambayi jikin Nubia ba. Ina jin kullum suna magana ta waya, kuma ta fi ni sanin komai.

Asabar, 22 ga Maris, ƙarfe 7:00 na yamma

Manizales. Gadon Nubia na kusa da taga, ana ganin babban dutsen da ke bayan birnin idan hazo ya yarda. Ta ce abincin wurin kamar an dafa shi ne don a hukunta wani. Ta gyara mini wuyan riga. Ta tambaya ko na yanka na'a-na'ar.

Na ce na tanadi ƙasa. Wannan gaskiya ne, na tanada.

Laraba, 26 ga Maris, ƙarfe 7:20 na yamma

Likita ya kira ni da Yolima wani ƙaramin ɗaki. Kujera uku, tebur, kwalin tishu a tsakiyar teburin. Duk wanda ya ajiye kwalin nan ya san aikinsa. Likitan yaro ne, zai yi sa'ar ɗalibaina na farko, kuma ya zaɓi kalmominsa da kyau. Da jarrabawa ce da na ba shi maki mai yawa.

Ba zan rubuta abin da ya ce ba. Takardar tana aljihun kwat ɗina, kwat ɗin yana rataye bayan ƙofa.

Kwana goman dai an daina maganarsa.

Alhamis, 27 ga Maris, ƙarfe 1:00 na rana

Na koyar da aji uku. Ban san me na ce musu ba, amma sun rubuta.

Asabar, 29 ga Maris, ƙarfe 7:00 na yamma

Ta tambaya tun ban zauna ba.

"Na yi," na ce.

"Gida huɗu?"

"Gida huɗu."

"Ka zubar da tsakiyar?"

"Na zubar."

Ta dube ni irin kallon da take yi wa mai kifi idan ya rantse na yau ne. Sai ta ce to madalla, nan da mako biyu ko uku za ta yi ganye. Yolima tana bakin taga tana danna waya, ba ta ɗago ba.

Shekara ashirin da tara ban taɓa yi mata ƙarya a kan abin da ya wuce farashin littafi ba.

Yau wata ya ƙare raguwa. Na duba kalandar kicin.

Lahadi, 30 ga Maris, ƙarfe 11:30 na safe

Bayan coci Doña Tránsito ta tsaya a katanga da mayafinta ba ta ma cire ba.

"Har yanzu?"

"Ai yanzu ba dama, Doña Tránsito. Sabon wata ya kama. In na yanka yanzu ruwan jikinta duk yana sama, za ta tsiyaye. Sai bayan sha uku ga Afrilu."

Ta gyara mayafinta.

"Tun yaushe Profe ya shiga addininmu?"

"Mutum yana koyo."

"Shekara ashirin kana mini dariya a kan wata. Har ka taɓa kawo mini taswirar sama."

"Na tuba."

"Hm," ta ce, ta shige.

Ga ni yau, mai kare martabar wata. Kwana goma sha huɗu ya ba ni kyauta, abin da likitan nan da duk karatunsa bai iya ba ni ba. Kafin nan za ta dawo ta yi da kanta.

Talata, 1 ga Afrilu, ƙarfe 5:00 na yamma

Ganyen ya ƙanƙance, na ƙasa ya yi rawaya, rassan sun yi tsawo sun bushe kamar tsintsiya. Tunda ba zan yanka ba sai na ciyar. Na karɓo takin zamani na kofi wurin wani tsohon ɗalibina, na zuba mata hannu biyu cike. In yana riƙe bishiyar kofi, ai ganyen shayi ba zai gagare shi ba.

Alhamis, 3 ga Afrilu, ƙarfe 6:30 na safe

Ta ƙone. Kamar an bi ta da wutar kyandir, ganye bayan ganye. Abin da na taɓa sai ya faɗo.

Littafin ya yi gargaɗi a kan haka, a shafi na gaba da inda na tsaya.

Alhamis, ƙarfe 3:15 na yamma

Yolima ta kira ina ɗakin malamai.

"Baba, ba ta cin komai. Ko ruwa sai ya dawo. Amma ta ce in ce maka ka kawo mata na'a-na'arta ranar Asabar, ko ganye bakwai ne. Ta ce shi kaɗai take jin zai zauna."

"Ai bai tsiro ba tukuna. Kin san an aske."

"Ta ce ko 'yan ƙanana ne."

Na ce to.

Asabar, 5 ga Afrilu, ƙarfe 7:40 na yamma

Na sauka a kasuwar Manizales na sayi ƙulli mai kyau wurin wata mata. Na zaɓi ƙananan ganye, na jefar da manyan, na naɗe a jiƙaƙƙen hankici. Har 'yar ƙasa na shafa. Ban san ina da baiwar zamba haka ba, da na sani da na shiga siyasa.

Wata nas mai kirki ta ba mu ruwan zafi. Yolima ta tallafo kan Nubia. Ta kai kofin bakinta, ta shaƙa, ba ta sha ba.

"Wannan ta ƙasar zafi ce," ta ce. "Warin man goge baki take."

Ta ajiye kofin.

"Tsoho, miƙo hannunka."

Na miƙa. Ta juya shi, ta duba farce, ta kai hancinta. Hannun da ya raba saiwar na'a-na'a, in ji ta, ko mako ya yi ana ganin alama, saiwar tana yanka kamar zare. Nawa hannun alli ne da sabulu.

"Ba ka yi ba."

"Wata ne ya…"

Ta yi dariya. Dariyar ta ja mata tari, tarin ya daɗe, Yolima ta harare ni. Da ya lafa ta ce, "Wata. Kai. Allah ya nuna mini wannan rana."

Daga nan ba ta sake maganar ba. Ta tambayi ko na biya wa kaina aski, ta ce gashina ya zama kamar na mawaƙi. Da zan tafi ta riƙe hannun rigata.

"Arcesio. Ba zan zo in yi maka ba."

Ba ta kiran sunana sai abu ya yi tsanani. Na ce kar ta yi irin wannan magana. Na ce zan rasa mota.

Lahadi, 6 ga Afrilu, ƙarfe 10:00 na safe

Ban je coci ba. Ruwa ake yi.

Litinin, 7 ga Afrilu, ƙarfe 6:00 na yamma

Saura kwana bakwai wata ya fara raguwa.

Talata, 8 ga Afrilu, ƙarfe 2:00 na rana

Da safe ina ɗaure takalmi aka buga ƙofa. Doña Tránsito ce, ta ƙofar gaba, abin da ba ta taɓa yi ba. Da wuƙarta a hannu, wadda wasawa ta cinye rabinta, da tukwanen ƙasa huɗu a kwando.

"Aika makaranta ka ce ba ka da lafiya."

"Lafiyata ƙalau."

"Ka ga madubi kuwa? Fito da gwangwanin."

"Doña Tránsito, wata bai…"

"Rabu da wata."

Na tsaya ina kallonta. Matar nan ba ta yanke ko farce sai ta duba sama. Ta taɓa barin rufin ɗakinta yana yoyo mako biyu don kada a sare gora a sabon wata.

"Ke ce kike cewa a rabu da wata?"

"Ni ce. Wata zai sake zagayowa, Profe. Shi yana da lokaci."

Na fito da gwangwanin.

Na'a-na'ar ta ƙi zaruwa. Na buga, na jijjiga, na kife ta, ko motsi. Sai da na tsaga gwangwanin da almakashin kwano, bakinsa ya yanke ni a babban yatsa. Abin da ya fito ba shi da kamar shuka: dunƙule ne mai siffar gwangwani sak, har da zanen gindin, saiwa ta naɗe kanta kamar gammo, babu ƙasar da za ta cika cokali.

Na miƙa mata wuƙar. Ta mai da hannunta baya.

"Ba ni aka ce wa ba."

Na aske busassun rassan, na bar tsawon yatsa biyu. Na kwantar da dunƙulen a kan dutsen wanki na datse gindin. Ƙarar da ta yi kamar ana yanka danyen rake. Na tsaya.

"Ci gaba. Ba kuka take ba, numfashi take."

Na raba biyu, na raba huɗu. Tsakiyar baƙa ce, ta ruɓe, tana warin tsohuwar rijiya. Doña Tránsito ta ce ta daɗe da mutuwa, ba takina ne ya kashe ta ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina. Amma a gefe-gefe akwai farar saiwa, mai kauri kamar igiyar takalmi, da 'yan idanu a kowace gaɓa. Ta sa ni na warware su da yatsu, na wanke gishirin takin da ruwan sama. Tsakuwa a gindin tukunya, baƙar ƙasa da ruɓaɓɓen ɓawon kofi, a kwantar da saiwar a kwance, kada a binne ta da zurfi. Ruwa sau ɗaya har ya fito ta ƙasa. Inuwa kwana huɗu.

"Shi ke nan?" na ce.

"Shi ke nan. Minti arba'in. Mako uku kana gudun minti arba'in."

Tukwane huɗu, kowace da 'yan tsinke a tsaye. Babu ganye ko ɗaya.

Na nufi famfo. Ta buge mini hannu da bayan wuƙa.

"Kar ka wanke. Akwai motar ƙarfe uku."

Laraba, 9 ga Afrilu, ƙarfe 9:00 na safe, Manizales

Jiya na yi tafiyar awa biyu da rabi hannuwana a kan gwiwa kamar mai jiran a sa masa ankwa. Matar da ke kusa da ni ta matsa. Mai gadin asibiti ya nuna mini inda ake wanke hannu, na yi kamar ban ji Sifaniyanci ba.

Idonta a rufe na same ta. Yolima ta ce tun rana ba ta yi magana ba. Na zauna, na sa hannuna kusa da fuskarta.

Hancin ne ya fara motsi. Sai ta lalubo hannun, ta kifa shi a kan bakinta da hancinta, ta riƙe da nata biyu. Ta daɗe tana shaƙa. Ƙasa ta ɓata matashin.

"Ita ce," ta ce.

Can ta buɗe ido ta ga yatsan.

"Ka yanke."

"Gwangwanin ne ya fara."

"Gida huɗu?"

"Gida huɗu. Tránsito shaida ce."

"A sabon wata," ta ce. "Arne."

Ba ta saki hannun ba har barci ya ɗauke ta. Ban wanke ba sai yau da safe, da nas ta ce ko in wanke ko in fita.

Alhamis, 10 ga Afrilu, ƙarfe 12:00 na rana

Na kira makaranta. Sun ce in ɗauki duk kwanakin da nake so. Kowa ya zama mai kirki, abin har ban tsoro.

Asabar, 12 ga Afrilu, ƙarfe 4:00 na yamma

Nubia ta tambaya ko na'a-na'ar ta yi ganye. Na kira Doña Tránsito a gabanta, na sa wayar a kunnenta. Ban ji me aka ce ba. Ta ce, "To, sai haƙuri." Ban san wa take ce wa ba.

An jiƙa mata leɓe da ruwa a auduga.

Lahadi, 13 ga Afrilu, ƙarfe 10:30 na safe

Masu jerin gwanon coci, da ganyen dabino a hannu, sun wuce ta ƙarƙashin taga suna waƙa. Fada ya hawo da 'yar jakarsa, ya yi mata addu'ar ƙarshe.

Litinin, 14 ga Afrilu, ƙarfe 8:10 na safe

Dutsen ya fito sarai yau, babu hazo ko kaɗan.

Laraba, 16 ga Afrilu, ƙarfe 5:00 na yamma, Salamina

An zo jana'izar Nubia da yawa. Ɗalibai sun sa kayan makaranta. Ban san ta san mutane haka ba. Wani mai jif ya kama hannuna ya ce ita ta koya wa matarsa allura, ya yi ta kuka har sai da na rarrashe shi.

Da muka dawo gida na nufi tsakar gida. Doña Tránsito ta tare ƙofar da jikinta.

"Daga maƙabarta kake. Sanyin yana jikinka, in ka matsa kusa da su za su kwanta. Na kwashe su zuwa wajena. Sai an gama addu'ar kwana tara."

Ina da amsa. Ina da amsa mai kyau ƙwarai, da misalai.

Na ce to.

Asabar, 19 ga Afrilu, ƙarfe 6:30 na yamma

Mata goma sha ɗaya a falo da carbi. Yolima tana raba kofi. Rigar ruwan Nubia tana nan a ƙusa, ba wanda ya taɓa.

Talata, 22 ga Afrilu, ƙarfe 7:00 na safe

Na ɗora ruwa na kofi biyu. Na zubar da rabi.

Asabar, 26 ga Afrilu, ƙarfe 6:40 na yamma

Jiya aka gama addu'ar. Yolima ta koma a motar safe, ta ce za ta riƙa zuwa kowace Asabar. Na ce ba sai ta wahalar da kanta ba, ta ce ba ta tambaye ni ba.

Da hantsi Doña Tránsito ta miƙo tukwanen ta katanga, ɗaya bayan ɗaya. Duka huɗun sun kama. Ganye kore shar, masu faɗi, ban taɓa ganin irinsu a gwangwanin ba. Wasu ma daga ƙasa suka ɓullo, nesa da tsinken, inda ban zaci akwai komai ba.

Kwana goma sha takwas. Na ƙirga a kalandar kicin, sannan na yi abin da bai kamata ba, na ƙirga daga ranar da Nubia ta faɗa mini. Ya faɗa ranar huɗu ga Afrilu. Ranar biyar na je kasuwa da hankici.

Na dafa. Yana nan gabana, ya huce.

Na zaci in na bar mata aiki ba za ta iya tafiya ba, don ban taɓa ganin ta bar abu a rabi ba. Na yi kuskure.